Gargaɗi kan masu tallar kafson "ƙarfafa garkuwar jiki" a intanet

Wasu masu talla sun cika Facebook da WhatsApp da wani kafso da suke cewa yana ɗauke da bakteriya masu amfani, waɗanda ake kira furobayotik, wai yana ninka ƙarfin garkuwar jiki har ya warkar da sankara da cuta mai karya garkuwar jiki. Mafi muni, suna umartar marasa lafiya su ajiye maganin asibiti. Kada kowa ya tura musu kuɗi.

Ƙaryarsu tana shiga kunne ne domin sun jingina ta da gaskiya. Lallai akwai bakteriya irin su Lactobacillus da Bifidobacterium da ke zama a hanji, suna yi wa masu haddasa cuta takarar wuri da abinci, suna fitar da sinadari mai tsami da ke hana su yaɗuwa, suna ƙarfafa bangon hanji, wasunsu kuma suna sa jiki ya ƙara samar da sinadarin kariya mai suna IgA. Sai dai wannan aiki na daidaita garkuwa ne, kuma ya danganta da takamaiman irin bakteriyar, domin abin da aka gani a kan wani iri ba ya zama hujja a kan ɗan'uwansa. Inda shaida ta fi ƙarfi shi ne rage gudawar da ke biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma tsakanin wannan da warkar da sankara akwai nisa.

Ma'anar furobayotik da masana ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayar a 2001 ta sharɗanta cewa ƙwayoyin su kasance rayayyu, kuma isassu. Kwalbar waɗannan masu talla ba ta ɗauke da sunan iri, ko adadin ƙwayoyi, ko ranar lalacewa, alhali zafi kaɗai yana iya kashe su kafin su isa hannun mai saye.

Marasa lafiyar da masu tallar suke farauta kuwa su ne mafi kusa da haɗari, domin a jikin mai raunin garkuwa bakteriya rayayyu na iya shiga jini. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci game da ba jarirai bakwaini furobayotik, bayan mutuwar wani jariri. Duk wanda ya riga ya ajiye maganinsa saboda wannan talla, ya koma wurin likitansa yau, ya tafi da kwalbar.