Littafin da ƙanwata ta ce nawa ne

Ƙanwata ce ta miƙo mini littafin, ta ce, "Yaya, wannan naki ne." Ban gane nufinta ba sai da na yi nisa a cikinsa.

Sunansa My Sister, the Serial Killer, na Oyinkan Braithwaite, da Turanci aka rubuta shi, ya fito a 2018. A 2019 ya kai zagayen ƙarshe na gasar Women's Prize for Fiction a Ingila, ya kuma shiga jerin farko na gasar Booker. Dare biyu na yi na cinye shi.

A Legas labarin yake. Korede nas ce a asibiti. Ƙanwarta Ayoola kyakkyawa ce ta bugawa a jarida, amma samarinta take kashewa da wuƙar mahaifinsu. An buɗe littafin da gawar na uku, Femi. Ayoola ta buga waya, Korede ta zo da safar hannu da bilic, ta goge jinin tas, suka jefa gawar a ruwa daga gadar Third Mainland.

Kisan bai tsaya mini a rai kamar yadda gidansu ya tsaya ba. Uban ya rasu, dangi suna shirya taron cika shekara 10 da rasuwarsa, ana ta yabon kirkinsa. 'Ya'yan kuwa sun san sandar da yake jibgarsu da ita, sun san ranar da ya so miƙa Ayoola, tana yarinya ƙarama, ga wani basarake don neman kwangila. Ba wanda ya faɗa. Tun daga nan Korede ta zama katangar ƙanwarta. Duk wadda ta tashi ana ce mata "ke ce babba, ki kula da ita" za ta ji wannan har cikin ƙashinta. Ni dai na ji, har sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne ɗakin Muhtar, majinyacin da ya daɗe a sume. Shi kaɗai Korede take zama kusa da shi tana amayar da cikinta, don ta tabbata ba ya ji. Sai ya farfaɗo.

Inda littafin ya rage ni da ƙishi kuwa, babobin gajeru ne ƙwarai, wani bai cika shafi ba. Hakan na sa a yi ta gudu, amma ba a taɓa barinmu muka shiga zuciyar Ayoola ba. Batun likita Tade, wanda Korede ke so a asirce, shi kuwa ya kamu da son ƙanwar, an naɗe shi da gaggawa.

Da na mayar wa ƙanwata littafin, mun kai ƙarfe ɗaya na dare muna gardama a kan zaɓin da Korede ta yi a ƙarshe. Ita tana goyon bayanta. Ni har yanzu ina tausayin 'yan'uwan Femi da suke ta cigiyarsa a Instagram.