Jirgin Yaƙi Mai Tashi Daga Teku: A Duba Kayan Gyara Kafin a Duba Gudu

Ƙasar da ke neman jirgin yaƙin da zai riƙa tashi daga kan jirgin ruwa ba ta da zaɓi da yawa, kuma jirgin ruwan ne ke fara yanke hukunci. In yana da majaujawar cilla jirage, irin na Amurka da Charles de Gaulle na Faransa, ana maganar Super Hornet, F-35C ko Rafale M. In tudun tashi kawai gare shi da igiyoyin tsayarwa, kamar Vikrant na Indiya, MiG-29K na Rasha aka saba ɗora masa, ko da yake Rafale M da Super Hornet sun gwada tashi daga tudu a Goa ta Indiya a 2022. In ko igiyoyin ma babu, sai F-35B mai sauka a tsaye.

Daga nan sai ainihin magana. Irin wannan jirgin saman ba sauka yake yi ba, dirowa yake. Ƙugiyar da ke wutsiyarsa ta cafki igiyar ƙarfe, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya tsaya cak. Ƙafafu, tayoyi da ƙugiya suna shan wannan bugu kullum, ga iskar gishiri tana cin ƙarfe tana kawo tsatsa. Saboda haka wanda ke riƙe da kayan gyara shi ke riƙe da jirgin. Iran ta karɓi jiragen yaƙi F-14 guda 79 daga Amurka, juyin juya halin 1979 ya toshe mata hanyar kayan gyara, sai kwance wannan a gyara wancan. Da Amurka ta yi wa nata ritaya a 2006, niƙe yawancinsu ta yi don kada ko ƙusa ɗaya ta isa Tehran.

Super Hornet na Boeing ya fi kowa kwanciyar hankali ta wannan fuska: sojan ruwan Amurka na da ɗaruruwa, Ostareliya ma tana da shi, injinsa F414 kuma yana cikin jiragen Gripen E na Sweden da KF-21 na Koriya ta Kudu. Matsalarsa, ana shirin rufe layin ƙera shi. F-35 ya fi su ɓoye wa rada, amma kayan gyaransa daga rumbu ɗaya ake rabawa, makullin kuwa yana hannun Washinton. Turkiyya ta ga haka a 2019, lokacin da aka fitar da ita daga shirin saboda sayen S-400, makamin kakkaɓo jirage na Rasha.

MiG-29K ya fi araha, sai dai araha ba ta ado. Babban mai binciken kuɗi na Indiya ya koka da injinansa da yawan kwanciyarsa a 2016, ga takunkumin da ke kan Rasha tun 2022.

Rafale M fukafukansa ba sa naɗewa, yana cin wuri a cikin jirgin ruwa. Duk da haka Indiya ta sa hannu kan guda 26 a Afrilun 2025, kuma a ganina ta yi lissafi daidai: sojan samanta na amfani da Rafale tun 2020, injinsu M88 iri ɗaya ne, makanikai sun san shi. Mai saye ya nace a rubuta masa injinan ajiya da izinin babban gyara a gida cikin yarjejeniyar farko, domin bayan an biya kuɗi mai sayarwa ne ke faɗin farashi.