Teburin aikin da na sa aka ƙera mini: abin da na gani bayan shekara guda

Shekara 11 ke nan ina sana'ar kafinta a unguwar Zariya a nan Maraɗi, kuma duk tsawon wannan lokaci a kan wani tsohon benci da na ɗora bisa duro biyu nake aiki, har ciwon baya ya fara hana ni barci. Bara, bayan an gama girbi, na yanke shawarar yin tebur na musamman, kuma da yake ba ni da babban injin da ke daidaita fuskar katako mai kauri, sai na kai aikin wurin wani dattijon kafinta da ke da shi, ƙafafun kuma na ba wani mai walda da yake hulɗa da shi.

Abu na farko da ya burge ni shi ne dattijon bai tambaye ni tsayin da nake so ba. Ya sa na miƙe tsaye na saki hannuna, ya auna daga ƙasa zuwa wuyan hannuna, ya samu santimita 88, ya ce a nan teburin zai tsaya. Na so a ƙara, domin ina ganin dogon tebur shi ne maganin sunkuyo, amma ya ce: "Ɗana, mai goge katako da nauyin jikinsa yake danna shi, idan tebur ya yi maka tsawo kafaɗarka ce za ta biya bashin." Na ce, "To, Baba, yadda ka gani." Yau ina iya wuni ina aiki a kansa ba tare da na nemi wurin jingina ba.

Saman teburin na maɗaci ne, falanki huɗu masu kaurin santimita 6, tsawonsa mita 2, faɗinsa santimita 75. A nan ne muka fi samun saɓani, domin ya jingine falankan a inuwa kusan wata guda yana jiran iskar hunturu ta gama shanye danshinsu, ni kuwa ina ta zirga-zirga a kan babur ina ganin kamar wasa yake yi da ni. Da ya zo haɗawa kuma, bai kafe saman da ƙusa ba, sai ya ɗaure shi a jikin ƙarfen da noti, ya sa aka yi ramukan notin da ɗan tsawo maimakon zagaye. Dalilinsa shi ne katako a faɗinsa yake kumbura da damina, ya kuma tsuke da rani, tsawonsa kuwa kusan ba ya canzawa, saboda haka idan aka hana shi wurin motsi sai ya tsage. Na ga gaskiyar maganar da idona: a watan Afrilu na ja layi da fensir a gefen wani noti, a watan Agusta na tarar ya ɗan gusa daga layin, saman kuwa ko tsaga ɗaya bai yi ba.

Nauyinsa shi ne babban amfaninsa. Sai da mutum huɗu suka sauke shi daga amalanke, kuma ko zarto nake ja ko guduma nake bugawa, kofin shayin da na ajiye a ɗaya gefen ba ya ko girgiza. Ƙafafun ƙarfe sun raba ni da fargabar gara, wadda ta cinye mini ƙasan tsohon bencin, kuma robar tsohuwar taya da aka sa a ƙarƙashinsu ta rage ƙara. Abin damƙe katako yana gefen hagu, inda ya dace da mai aiki da hannun dama, sannan akwai jerin ramuka a saman da nake soka turaku in tokare aiki.

Sai dai ba komai ya yi daidai ba. An yi mini alkawarin mako uku, aikin ya kai mako bakwai, kuma ko an cire kwanakin busar da katako, sauran jinkirin daga mai walda ya zo. Fentinsa ma shafe ɗaya ne ba tare da maganin tsatsa a ƙarƙashi ba, damina ɗaya ta isa ta fito da ja a wuraren da ya yi walda. Aljihunan teburin guda uku da farin katako aka yi su, kuma na tsakiyar ya kumbura ya cije da matsatsina da ma'aunina a ciki, sai da na ɓamɓare shi na rage gefensa, abin da ya ba ni mamaki daga mutumin da ya yi wa saman irin wancan lissafi. Faɗin kuma laifina ne, domin ban tuna cewa faifan katakon da muke yin kabad da shi santimita 122 ne a faɗi ba, shi ya sa har yanzu sai yarona ya tallafe gefe idan zan yanka.

Jaka 95 na kashe gaba ɗaya, har da kuɗin amalanke, kuma ban ga an cuce ni ba. Zan sake kai wa dattijon aiki, amma ƙarfen zan nemi wani ya yi, kuma da zarar hunturu ya shigo zan kankare tsatsar in sake fentin da kaina.