HPLC ko UHPLC: wacce za a sayo wa ɗakin gwajin magani?

Malam, ka ce HPLC ɗinku, wato na'urar rarrabe sinadaran magani don a auna su, ta tsufa, kana tambaya ko ku sake sayo irinta ko ku haura zuwa UHPLC, sabon samfurinta mai aiki da matsi mai ƙarfi. Ni dai ina ganin amsar tana cikin yawan samfurin da kuke aunawa a rana.

Aikinsu ɗaya ne. Famfo yana tura ruwan sinadari ta cikin kolom, wato siririn bututun nan mai cike da garin silika, sai abubuwan da ke cikin maganin su rarrabu, kowanne ya fito a lokacinsa ya zana tudunsa a allon kwamfuta. Inda suka raba hanya shi ne laushin garin. Na HPLC yakan kai maikuron 3 zuwa 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), na UHPLC bai kai 2 ba. Da maikuron 1.7 kamfanin Waters ya fito da ACQUITY a 2004. Gari mai laushi ya fi iya rarrabewa, amma ruwa ba ya ratsa shi cikin sauƙi. In ka sauko daga 5 zuwa 1.7, matsin zai ninka kusan sau tara. Shi ya sa famfon HPLC na gargajiya ke tsayawa a matsin wajen bar 400, na UHPLC kuwa ya kai 1000 har ya zarce.

Ribar a fili take. Ɗauki kolom mai tsawon milimita 250 da faɗin 4.6, yana shan mililita 1.5 a minti na tsawon minti 30: mililita 45 ke nan a kan allura guda, wato zuba samfur sau ɗaya cikin na'urar. Ƙaramin kolom mai 50 da 2.1, a rabin mililita a minti na tsawon minti 5, biyu da rabi kacal zai sha. Waɗanda suka ga ƙarancin asitonaitiral, ruwan sinadarin da aka fi turawa cikin kolom, na 2008 zuwa 2009 ba sa raina wannan lissafi.

To amma UHPLC ba ta da haƙuri ko kaɗan. Tsohuwar HPLC kamar jaki take, ka ɗora mata ruwan ƙwayar da ba a tace sosai ba, ta ja. Ita kuwa sabuwar, in ka bar ɗan sitaci ya tsallake, za ka ga lambar matsi tana hawa a allo allura bayan allura, can sai famfo ya kashe kansa tsakar dare, da safe ka tarar rabin kwalaben ba a taɓa su ba. Matacin maikuron 0.2 ya zama dole, ruwan gishirin da ake turawa cikin kolom in ya kwana biyu a kwalba kuma sai a zubar. Haka nan a tabbatar akwai injiniyan da zai zo in ta tsaya, don ba kowa ke iya buɗe famfonta ba.

Sai batun takardu, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Yawancin hanyoyin gwaji da ke kundin magunguna an rubuta su ne da manyan kolom. Babi na 621 na kundin Amurka, USP, ya yarda a sauya kolom matuƙar tsawonsa in an raba da girman garin bai ragu da fiye da kashi 25 cikin ɗari ba, bai kuma ƙaru da fiye da kashi 50 ba. Tun Disambar 2022 sassaucin ya haɗa da gwajin da ake sauya haɗin ruwa ana cikin tafiya. Ka wuce wannan iyaka, sai ka sake tantance hanyar daga tushe.

Idan layin samfur ya yi muku yawa, ko kuna farautar ƙananan gurɓatattun sinadarai da ke fitowa manne da juna, UHPLC ce taku. Idan kuwa 'yan samfura ne a rana da hanyoyin da aka riga aka yi wa rajista, sabuwar HPLC ta wadatar. Kafin ma a kashe kuɗi, Malam, ku gwada kolom mai garin maikuron 2.6 ko 2.7, irin mai dunƙulallen ciki da ɓawo mai ƙofofi, kamar Kinetex ko Halo. Yana kusantar rarrabewar UHPLC a matsin da famfonku zai iya ɗauka, sai dai ku rage tsawon bututan da ke tsakanin kolom da na'urar ganowa, kada tudun ya baje a hanya.