Fam 900 da na miƙa wa Alhaji ba rasit

Ranar wata Asabar ce cikin Janairun 2024. Na dawo daga aikin dare, idona kamar an watsa barkono, na tarar da farar ambulan a ƙasa bayan ƙofa, don a nan ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa ake jefo wasiƙa. Na buɗe ta a tsaye, ko takalmi ban cire ba. Notis ne na tashi. An ba mu wata biyu mu bar gidan. Ba a ce mun yi laifin komai ba, ba a kuma binmu ko sisi. A jikin takardar an rubuta sashe na 21 na dokar gidaje, a ƙasa kuma sa hannun mai gidan, Alhaji, mutumin da muke haɗa sahu da shi duk Juma'a.

Sai wanda ya taɓa neman gidan haya a Manchester yana baƙo zai gane abin da ya kai ni hannunsa. Dillalan gidajen nan ba sa sauraron rantsuwa. Takardar albashi suke so, da bayanan asusunka na banki, da shaidar cewa doka ta ba ka izinin zama a ƙasar, sannan su ce ka kawo wanda zai tsaya maka, shi ma lalle mazaunin Birtaniya ne mai abin hannunsa. Wanda ya sauka jiya ina zai samo wannan? Ka je ganin gida ka tarar da layi, a zagaya da kai cikin minti biyar, kwana biyu a turo maka saƙo cewa an ba wani. Wata uku muna ɗaki ɗaya ni da maiɗakina da yara biyu. To da aka ce wani dattijo ɗan ƙasarmu yana da gida mai ɗaki biyu, fam 900 a wata, ba ya neman mai tsaya maka, ji na yi kamar an sauke mini dutse daga ka.

A cikin motarsa muka yi cinikin, bayan an sauko daga masallaci, cikin Maris 2023. Ya ce in ba da hayar wata ɗaya da kuma kuɗin ajiya fam 900, wanda za a mayar mini ranar da na tashi in ban ɓata komai ba. Hayar ta banki na tura. Kuɗin ajiyar kuwa ya ce ya fi son tsaba, na ciro na ƙirga masa, ya sa a aljihun jamfarsa ya ce Allah ya sa mu shiga a sa'a. Maganar rasit ta zo har bakina na haɗiye. Mutum ya haife ni, ya taimake ni a lokacin da kowa ya juya mini baya, in ce masa ya rubuta mini takarda? Abin da na yi kawai, da na koma gida na tura masa saƙo ta WhatsApp ina godiya, na ambaci fam 900 na ajiya da na ba shi. Ya amsa da cewa ya karɓa, ba komai.

Da sanyi ya shigo sai gidan ya nuna halinsa. Bangon ɗakin yara ya fara tsatsafo da ruwa, baƙar fumfuna ta mamaye kusurwa har bayan gado. Mu goge da safe, bayan kwana huɗu ta dawo. Ƙaramar ta kama tari ba dare ba rana. A yankin nan ba a wasa da wannan, don a Rochdale, nan kusa da mu, wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a 2020, bincike kuma ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Na yi wa Alhaji magana sau uku da baki, kullum sai ya ce mu riƙa buɗe taga. Taga a Disamba! A na huɗun na rubuta masa a rubuce, da hotuna. Mako uku bayan nan ambulan ta iso.

Na kira shi. Na ce, “Alhaji, na ga takarda, ko mun yi wani laifi ne?” Ya ce, “Malam, gidana nake so. Tunda gidan bai yi maka ba, ai sai ka nemi wanda ya fi shi.” Ranar Laraba ya zo da kansa ba tare da ya sanar ba, ya sa mabuɗinsa ya buɗe, maiɗakina tana kicin ko mayafi babu a kanta. A gaban yarana ya ce ranar da wa'adin ya cika zai zo da mai canja kwaɗo, kayanmu kuma mu same su a waje. Babbar, mai shekara bakwai, ta tambaye ni da dare ko a titi za mu kwana. Na sha wulaƙanci iri-iri tun da na zo ƙasar nan, amma ban taɓa jin wanda ya kai wannan ciwo ba, kuma da Hausa aka yi mini shi.

Wata abokiyar aikina ce ta tura ni Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba da shawara kyauta. Na je da tunanin roƙon a ƙara mana ko da wata ɗaya ne. Matar da na samu ta karanta notis ɗin, ta ajiye shi gefe, ta tambaye ni abu ɗaya: kuɗin ajiyarka suna ina? Na ce suna wurin mai gida mana. Ta ce ba wurinsa ya kamata su tsaya haka kawai ba. Ta juyo da kwamfutarta, muka shiga shafukan hukumomi uku ɗaya bayan ɗaya, muna sa sunana da lambar unguwar da ranar da muka shiga gidan. Babu sunana ko a ɗaya. Ta ce, to wannan takardar ba ta da ƙarfin da za ta fitar da kai.

Ga yadda abin yake. Tun watan Afrilun 2007, a ƙarƙashin dokar gidaje ta 2004, duk mai gida a Ingila da ya karɓi kuɗin ajiya daga ɗan haya irina dole ya yi musu rajista da ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su: Deposit Protection Service, MyDeposits, da Tenancy Deposit Scheme. Kwana 30 aka ba shi daga ranar da kuɗin suka shiga hannunsa. A cikin kwanakin nan kuma sai ya ba ɗan hayar bayani a rubuce: ga inda kuɗinka suke, ga yadda za ka karɓe su, ga abin da za ka yi in mun saɓa. Ko dai ya miƙa wa hukumar kuɗin ta riƙe, ko ya riƙe ya biya inshora a kansu. Ranar tashi, in ya ce ka ƙona kafet ko ka fasa taga, ba shi ke yanke hukunci ba. Akwai mai sasantawa da zai duba hotuna da takardu kyauta, mai gidan ne kuma zai kawo hujja, tunda kuɗin naka ne. Tun 2019 ma an ƙayyade kuɗin ajiyar, ba zai wuce hayar mako biyar ba a yawancin gidaje.

Sashe na 21 kuwa, na dokar 1988, shi ne a lokacin ya ba mai gida damar tayar da kai ba tare da ya faɗi dalili ba. Amma an ɗaure shi da sharuɗɗa, babba a ciki shi ne wannan. Wanda bai yi wa kuɗin ajiya rajista a kan lokaci ba, notis ɗinsa banza ne har sai ya mayar wa ɗan haya kuɗinsa, sannan ya sake ba da sabon notis, a fara ƙirga wata biyu daga farko. A lokacin, ya garzaya ya yi rajistar bayan wa'adi ya wuce ma ba ta wanke shi. Ban da wannan, ɗan haya yana iya kai ƙara, kotu ta sa a biya shi diyya daga ninki ɗaya zuwa ninki uku na kuɗin, yana kuma da shekara shida ya yi hakan, ko bayan ya bar gidan ne.

Sai na gaya mata maganar canja kwaɗo. Nan fuskarta ta canja. Ta ce ko da notis ɗin ingantacce ne, cikar wa'adinsa ba ta ba kowa ikon taɓa ƙofarka. Sai mai gida ya je kotu, alƙali ya ba da umarni, in ka ƙi tashi ma'aikatan kotu ne kaɗai za su fitar da kai, su ma sai sun sanar da ranar. Mai gidan da ya canja kwaɗo ko ya yanke wuta da ruwa don ya kore ka ya aikata laifi a ƙarƙashin wata doka ta 1977, har gidan yari ana iya kai shi. Ta ja mini kunne a kan abu biyu. Kada in kuskura in daina biyan haya don fushi, domin bashin wata biyu a lokacin ya isa ya buɗe masa wata ƙofar ta korata. Kuma da a ce a gida ɗaya muke zaune da shi muna haɗa kicin, da yawancin wannan kariyar ba ta hau kaina ba.

Na fito daga ofishin nan ƙafata kamar ba ta taɓa ƙasa. Ba ta tambaye ni ɗan wane ne ni ba, ba ta tambayi wa ya turo ni ba, ban ba da ko kwabo na shan ruwa ba. Baƙo mai biza, wanda ko ƙuri'ar wani bai taɓa ƙarawa ba, dokar ta tsaya masa a gaban mai gida da fasfo ɗin ƙasa.

A cikin bas ina komawa sai tunanin gida ya taso mini, da haushi a ciki. Mu ma fa muna da doka. Ɗan hayar shekara wata shida ake ba shi notis a ƙa'ida, jihar Legas ma tun 2011 ta hana a karɓi hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Amma wa yake bi? Wa ya taɓa ganin kuɗin ajiyarsa sun dawo cif? Kun san yadda ake yaye wa mutum kwano ana tsakiyar damina, maƙwabta suna kallo suna cewa ai gidansa ne. Laifin ba na masu gida kaɗai ba ne. Mu ne muke ɗaukar neman rasit a matsayin rashin kunya, muke ganin rubuta yarjejeniya kamar zargin mutum da sata, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Wannan halin na ɗauko tun daga gida na tsallako da shi teku, shi ne kuma ya kusa kwanar da 'ya'yana a waje. Da ba don saƙon godiyar nan na WhatsApp ba, da ba ni da abin da zan nuna cewa na taɓa ba shi ko fam ɗaya.

Na rubuta wa Alhaji wasiƙa da taimakon samfurin da ke shafin Shelter, ƙungiyar da ke kare 'yan haya. Na sa ranar da na ba shi kuɗin, na haɗa hoton saƙonsa, na ce notis ɗin bai inganta ba, ina kuma da niyyar zuwa kotu in ba mu daidaita ba. Kwana biyu wayata ta fara ruri. Dattawa uku suka zaunar da ni bayan sallar isha'i. “Haba ɗana, ka kai ɗan'uwanka Musulmi gaban alƙalin nasara? Me za a ce da mu?” Na ce, “Baba, ranar da ya shigo wa matata ba sallama, ya ce zai watsar da kayan yarana a titi, wa ya zaunar da shi?” Aka yi shiru. Ɗaya daga cikinsu, Allah ya saka masa, ya ce yaron nan yana da gaskiya, kunyar mara kunya asara ce.

Ba mu kai ga kotu ba. Ni ma ban so ba, don shigar da ƙara kuɗi ne da jira. A gaban dattawan ya mayar mini da fam 900 ɗina, ya ƙara 900 na sulhu, aka rubuta kowa ya sa hannu. Ya kawo wanda ya gyara bangon. Daga baya ya sake ba da notis bisa ƙa'ida, amma kafin nan mun riga mun sami wani gidan, mun tashi cikin Yuni da rana tsaka, ba wanda ya taɓa mana ko cokali.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba ku labari. Kusan rabin albashina haya ke cinyewa, ga harajin ƙaramar hukuma a kai, ɗakunan kuma ka shimfiɗa tabarma biyu sun cika. A nan in ka makara da haya babu mai cewa Allah ya hore, wasiƙa ce za ta biyo wasiƙa. Nakan tuna wani mai gidanmu na da, da albashi ya yi wata uku bai fito ba ya ce in bari sai an biya, har ya aiko mana da hatsi. Irin wannan mutumin ban same shi a nan ba, ina kuma kewarsa. Amma samunsa sa'a ce, wanda bai dace ba kuma ba shi da inda zai kai kuka.

A Oktoban 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya da ta soke sashe na 21 a Ingila, ta yadda mai gida sai ya kawo dalilin da doka ta yarda da shi. Wajibcin yi wa kuɗin ajiya rajista yana nan daram. Duk wanda yake shirin tahowa, ko yake da ɗa ko ƙani a nan, ya gaya masa ya tura kuɗin ta banki, ya nemi takardar rajistar kafin kwana 30 su cika, ya ɗauki hoton kowane lungu ranar da ya shiga, ko da mai gidan limamin unguwarsu ne.

A sabon gidanmu, kwana tara da shigarmu saƙo ya shigo wayata daga hukumar, da sunana da adadin kuɗin da lambar rajista. A daren na kira ƙanina da ke kula da gidajen haya biyu da mahaifinmu ya bari. Na tambaye shi kuɗin ajiyar mutanen da ke ciki suna ina. Ya ce an daɗe da sa su a hidimar gida. Na ce ya buɗe musu asusu daban, zan turo abin da aka taɓa, ya kuma rubuta wa kowannensu rasit ya kai masa har ƙofa.