Bankin jinin da muka koma saboda ƙanwata mai sikila

Jama'a masu ɗawainiya da masu sikila, ga abin da na gani a wani bankin jini mai zaman kansa a nan Kano. A gaskiya sun fi tsada kuma akwai jira, amma ni dai na gamsu.

Abin da ya burge ni ba sa tsayawa a kan "O ne ko A ne" kawai. Bayan gwajin HIV, ciwon hanta B da C da sifilis da kowa ke yi, sai sun duba shi mai bayarwar, AA ne ko AS, kuma mai sikila ba sa ba shi jinin AS ko da kuwa ɗan uwansa ne ya zo da kansa, haka suka mayar da yayanmu gida yana ta ƙorafi. Ma'aikacin ya zaunar da ni ya ce Malam leda da leda ba ɗaya ba ne ko da rukuni ɗaya suke, jinin wani ya fi na wani jure zaman firij, misali mai ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), wanda kuma ya yi yawa a mazan yankinmu, ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa sosai a jikin wanda aka ƙara wa, shi ya sa jariri mai shawara da za a yi wa canjin jini suke nema masa sabo kuma daga wanda ba shi da matsalar. Ita ƙanwata kuwa da ake yawan yi mata ƙari har ƙananan rukunan jini da ake kira C, E da Kell suka duba don kada jikinta ya fara yaƙi da jinin nan gaba.

Masu sayar da jinin nan na bakin asibiti ba sa karɓarsu, kuma namiji in ya ba da jini sai ya yi wata 3 kafin ya sake bayarwa. Firij ɗinsu na kan sola, digiri 2 zuwa 6, kowace leda da ranar ɗiba, ta wuce kwana 35 a fitar da ita.

Inda suka gaza, wajen zama ya yi kaɗan ga zafi, wayarsu da dare sai ka yi ta kira, kuma gwajin Kell ɗin nan kuɗinsa daban ba sa faɗa maka sai a wajen biya. In za ku je ku tafi da safe, ku riƙe takardun ƙarin jinin da aka taɓa yi wa mara lafiyar, za su tambaya.