Kusan shekara biyu ina jiran sabuwar kwamfuta, daga ƙarshe ta hannu na saya a titin Ahmadu Bello

Sana'ata zanen katin biki da fosta, da buga wa ɗalibai aikin kammala karatu, a wani ɗan shago da ke Tudun Wada, ba nisa da Kaduna Polytechnic. Kwamfuta ita ce gonata. Wadda nake aiki da ita tun 2016 ta fara gajiya a tsakiyar 2023, har ta kai sai in kunna ta in je in yi alwala in dawo ba ta gama buɗewa ba. A lokacin na kwashi adashi, kuma kuɗin sun isa in sayi mai kyau. Amma na ce bari in ɗan jira.

Abu biyu nake jira. Na farko dala ta sauko. A watan Yunin 2023 ne aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ni kuma na ɗauka guguwa ce za ta wuce. Ba ta wuce ba. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura N1,500, kuɗin adashin nan da na ɓoye suka koma ba sa iya sayen ko rabin abin da za su saya da farko. Na biyu kuwa sababbin samfura nake jira. Kullum da dare ina YouTube ina kallon Turawa suna buɗe kwali. A watan Mayun 2024 Microsoft ta sanar da kwamfutocin da ta kira Copilot+ PC, masu ƙwaƙwalwar Snapdragon da batir mai daɗewa, sai na ƙara gyara zama na ce to, ga abin da nake jira ya kusa. Duk tsawon lokacin nan tsohuwar tana ɓata min aiki. Ba zan manta da wata yarinya 'yar ajin ƙarshe ba, da ta zauna a bencina tun la'asar har aka kira isha'i tana jiran shafi saba'in, alhali washegari da safe za ta miƙa. Ba ta yi min faɗa ba, amma ba ta sake dawowa ba, ƙawayenta ma haka.

A watan Maris na 2025 wani abokina da ke gyaran firinta ya kai ni wani shago a saman bene, a ɗaya daga cikin filazojin titin Ahmadu Bello, kafin a gangara kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Shagon ƙarami ne, mutum huɗu suka shiga ya cika, kwamfutoci jere a kan kanta kamar littattafai. Mai shagon dattijo ne, da yara biyu da ke yi masa aiki.

Bayan mun gaisa na ce, "Alhaji, ni fa sababbin nan masu Snapdragon nake so. Yaushe za su iso?"

Ya tambaye ni aikin da nake yi, da irin firintar da nake da ita. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Malam, in kana so zan sa a kawo maka daga Legas, ribata ta fi yawa a nan. Amma firintarka tsohuwa ce, ƙila ta ƙi magana da ita, domin ƙirar ƙwaƙwalwar daban ce. Kuma in ta lalace, kayan gyaranta sai an yi ta nema. Ka sayi wadda za ta yi maka aiki gobe da safe."

Maganar nan ita ta sa nake wannan rubutu. Ɗan kasuwa ya ga mai saye ya zo da ransa a kan abu mai tsada, ya janye shi zuwa mai araha, ba kullum ake samun haka ba.

Daga nan ya yi min bayanin da ya fi duk bidiyon da na kalla amfani. Ya ce in za a jira wani abu, ba sabon samfuri ba ne abin lura, ranar 14 ga Oktoban 2025 ce, ranar da Microsoft za ta daina tallafa wa Windows 10. Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na 8, kuma tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0. Ya nuna min yadda ake gane zubin a irin waɗannan tsofaffin: lambar farko bayan i5 ko i7 a sunan ƙwaƙwalwar. In ka ga i5-6300U, zubi na 6 ne. In ka ga i5-8350U, na 8 ne. Ya ce kasuwa cike take da zubi na 6 da na 7 masu sheƙi da araha, yara suna ɗora musu Windows 11 ta bayan gida, mai saye bai san an yi ba. Shi ma yana da su a kanta, amma ya ce ba zai ba ni ba tunda da ita zan ci abinci. Na kuma koyi cewa i7 na zubi na 6 ba lallai ya fi i5 na zubi na 8 ba, domin a irin waɗannan siraran kwamfutoci daga zubi na 8 ne ƙwaƙwalwar ta tashi daga zuciya biyu zuwa huɗu. Da ni kaɗai na je, da sunan i7 ya ruɗe ni.

Abin da na ɗauka shi ne HP EliteBook 840 G5, ƙirar 2018, ta hannu daga Ingila, mai i5-8350U da ram 8GB (wato wurin da take riƙe ayyukan da ke buɗe) da ma'ajiyar SSD 256GB, fuskarta inci 14. Ya ce N340,000, muka yi ciniki muka tsaya a N320,000.

Kafin in biya ya sa yaronsa ya gwada ta a gabana, kuma bai gaggauta ni ba. Yaron ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta powercfg /batteryreport, sai ga rahoton batir: ƙarfin da aka ƙera shi da shi kusan 50Wh, wanda ya rage yanzu kusan 38. Alhaji ya juyo da fuskar wajena ya ce in gani da idona, kada in je gida in ce an ce min sabon batir ne. Muka sa farin shafi ya cika fuskar muna neman tabo, na sami ɗan haske guda kamar ƙwayar gero a kusurwar ƙasa, wanda sai an ƙura ido ake gani. Na danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Muka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta buɗe, don a tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin kamfanin da ya yi amfani da ita ba. Wannan gwajin na ƙarshe kada kowa ya tsallake shi, domin irin waɗannan kwamfutoci yawanci daga ofisoshin Turai ake kwaso su.

Yanzu ta haura wata takwas a hannuna. Tana buɗewa kafin in gama gyara kujera. CorelDRAW, manhajar da nake zane da ita, na tafiya lafiya, sai dai in na tara manyan hotuna a fosta guda ga kuma shafukan intanet a buɗe, nan take fara nishi, ram 8GB ya yi mata kaɗan. Abin daɗin shi ne tana da gurbin ram biyu, ana iya ƙarawa, ba kamar wasu sababbin da aka liƙe nasu da dalma ba. In aka ɗauke wuta batirin na riƙe ni kamar awa uku ina rubutu, wanda ya ishe ni in ƙarasa aikin da ke gabana kafin in tayar da janareta. A zafin Afrilu fankarta ta yi ta ƙara da rana, sai na ɗora ta a kan wasu 'yan katakai biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Allon rubutun na Ingila ne, alamar @ ba ta inda hannuna ya saba, na yi mako guda kafin in saba.

Shagon ba ya rasa aibi, kuma zan faɗa. Cajar da aka haɗa min da farko ba ta asali ba ce. Kwana uku ta fara zafi har ba na iya riƙe ta. Da na mayar, Alhaji ba ya nan, yaron ya tsaya yana gardama wai wutar shagona ce ba ta da kyau. Sai da na sake komawa washegari, na biya kuɗin Keke Napep sau biyu, sannan Alhaji ya canza min, ya ba ni haƙuri, ya yi wa yaron faɗa a gabana. Garantinsu wata ɗaya ne kacal, kuma ban da batir da fuska, ga shi ba a rubuta wannan a rasit ba sai da na nema. Babu farashi a jikin kaya, don haka wanda bai iya ciniki ba zai biya fiye da nawa. Sun kuma cika min ita da tarkacen manhajoji da ban nema ba, na ɓata yamma guda ina gogewa.

Duk da haka na koma, kuma na kai mutum. Ɗan yayata ya samu gurbi a Jami'ar Jihar Kaduna, ya zo yana ce min, "Kawu, an ce sababbi na fitowa baɗi, ko in jira?" Na tambaye shi yaushe za su fara darasi, ya ce wata mai zuwa. Na ce ya shirya ranar Asabar mu je. Wanda tasa ke aiki lafiya, kuma ta karɓi Windows 11, shi ne zan ce ya riƙe kuɗinsa ya jira, ba abin da ke korarsa. Shi yaron nan ba shi da komai sai waya. Alhaji ya fito masa da Lenovo ThinkPad T480, ita ma zubi na 8 ce, muka yi mata duk gwajin da aka yi wa tawa, wannan karon ni na rubuta umarnin batirin da hannuna. Na duba cajar kafin mu sauko daga benen, na kuma bar kafin alƙalami na ƙarin ram 8GB da za a sa wa tawa ƙarshen wata.